Uwar Adashi

Inna Lantana ba ta taɓa riƙe biro ba.
Shekara talatin tana uwar adashi a Tudun Jukun,
zubin mata arba'in da ɗaya a kanta yake:
wa ta kwasa, wa ke bi,
wa ta ce a yi haƙuri sai miji ya dawo daga Funtuwa.
Ko sisin kwabo bai taɓa salwanta ba.

Yanzu kafin la'asar
sau bakwai take tambayata yaron gidan wa ne ni.
Jiya ta zuba gishiri a koko,
ta ajiye carbinta a tukunyar miya,
ta zauna bakin zaure tana jiran Baba,
shi da ciyawa ta daɗe da rufe kabarinsa.

Wata ta ce jifa ne, wata ta ce iska.
Kawu Barau ya ce gigin tsufa ne, a bar wa Allah.
Na bar wa Allah,
amma barci bai dawo min ba.

Gyaran waya nake yi a Sabon Gari.
Wayar da ta kwana a kwata ma
nakan zaƙulo lambobin da ke cikinta.
Kan Inna ne ba shi da marfin da zan kwance.

A shago saƙon ya same ni,
tsakanin tallan data da barka da Juma'a:
masu binciken cutar mantuwa na neman 'yan sa-kai,
da wanda ya kamu da wanda bai kamu ba.
Na ce 'yan damfara ne, na goge.
Bayan isha'i na kira Shekarau,
na ce don Allah ya sake turo min.

Suna, na rubuta.
Shekaru, na tsaya.
An ce da kaka aka haife ta, ana yankan dawa,
shi kuwa fom lamba kawai ya sani.
Can ƙasa kuma: shin mai shiga ta yarda?

Na durƙusa gabanta.
Inna, wasu likitoci ke son karatu a wajenki.
Ta ce, nawa ne zubin?
Na ce ba kuɗi ba ne, kuma ba su yi alkawarin magani ba,
ƙila dai jikokin wasu su amfana.
Ta dube ni da tsohon idon nan na ranar tara kuɗi.
Ta ce, to ai adashi ke nan,
ka zuba, wata ta kwasa.

Ban sani ba ko yarda ce,
ko hali ne ya leƙo ta taga ya koma.
Na faɗa musu haka a waya.
Suka ce duk zuwa sai sun sake tambayarta,
ranar da ta ce a'a, shi ke nan.

Ran Talata muka hau mota zuwa Shika.
Likitar, Asabe, ba ta girme ni ba.
Ta ce, Inna, riƙe min abu uku:
tsintsiya, lemo, jirgi.
Aka ɗan taɓa hira. Da ta nemi ajiyarta
Inna ta yi shiru, tana murza bakin mayafi,
sai ta fara:
Ladidi mai ƙosai, biyu.
Gambo matar direba, ɗaya da rabi.
Tabawa ba ta kawo ba, ɗanta ba lafiya.
Har arba'in da ɗaya, ba tuntuɓe.
Likitar ba ta katse ta ba.
Rabinsu ni na raka gawarsu.

Kafin mu fito na cike fom na biyu.
Sunana ne a kai.
Shekaran jiya na nemi makullin shago har azahar
alhali yana aljihuna,
ban gaya wa kowa ba.

A hanya, wajen Samaru, ta kama hannuna.
Yaro, kai na gidan wa ne?
Na ce, ɗan zubi ne, Inna.
Ta gyaɗa kai, ta ce kar in makara.

Tsintsiya, lemo, jirgi.
Kowace asuba nakan duba
ko suna nan inda na ajiye su.